Ta Kogi da Ta Famfo

Mu biyu aka raɗa wa sunan Kaka, ni da 'yar Kawu, kwana goma sha ɗaya ne tsakaninmu, kuma ni ce babba. Ina faɗar wannan tun da wuri domin shi kaɗai ne abin da na riga ta a duniya, shi ma ba da ƙoƙarina ba. Inna da Kawu ciki ɗaya suka fito, ba kuwa wanda zai buɗe baki a cikinsu ya kama sunan mahaifiyarsa, saboda haka sunan namu ya zauna a rajistar makaranta kawai. A gida ana ce mana takwara babba da takwara ƙarama. A wasan taubasai kuma ni ce 'yar mace, wato ni ce baiwa, ita uwargijiya. Tun ba ta iya ɗaura zani ba take kirana baiwarta, manya suna dariya.

Wannan bai dame ni ba a lokacin, don abin da ya fi komai yana hannuna. Da aka yaye ni Kaka aka kai wa ni riƙo, a tsohon gidanmu na Haɗejiya, gidan ƙasa mai zaure biyu, wanda in ka fita ta bayansa ka gangara kaɗan sai kogi. Kawu da iyalinsa suna sashen gabas na gidan. Iyayena suna can gaba da lungu uku, Baba masunci ne. Ni kuwa ɗakin Kaka ne ɗakina, tabarmata tana gindin gadonta, ni nake shan ragowar furarta, ni nake sosa mata baya. Takwara ƙarama sai dai ta leƙo ta gaishe ta, ta koma wurin uwarta.

Iyayen Kaka daga bakin Tafkin Chadi suka taso, har ta tsufa Hausarta ba ta gama miƙewa ba, in ta ji daɗin abu “wushe” take cewa maimakon sannu. Ba ta da kwaɗayin abin duniya, amma a kan ruwan sha ba ta da sauƙi ko kaɗan. Tana da wata baƙar randa mai ƙaramin baki, da ita aka kawo ta gidan miji. Duk kwana uku sai a juye ta a wanke, a zuba garwashi a kasko, a barbaɗa dakakken kajiji, a kife randar a kai har hayaƙin ya kama cikinta. In garwashi ya yi yawa ruwa ya yi ƙauri, in ya yi kaɗan ƙamshi ba zai zauna ba. Sai ki ɗora tafin hannu a gindin randar, da ɗumi ya iso hannunki ki ɗaga ta. Ni kaɗai ta koya wa wannan. Ko Inna ba ta yarda ta taɓa mata randa.

Ɗibar ruwan ma da ƙa'idarta. Ba a ɗebo wa Kaka ruwa a mashigar da kowa ke wanki. Sai na haura sama da inda masunta ke ɗaure kwalekwale, in shiga har ruwa ya kawo mini gwiwa, in kore saman da ƙwarya sau uku, sannan in cika tulu ta bakin farin ƙyalle. In na kawo a bar shi ya kwanta. Ta kan kurɓa, ta rufe ido, ta ce, “Wushe, takwara.” Wannan kalmar ita ce albashina, kuma ban taɓa jin ta faɗa wa wani yaro ita ba.

Ina aji biyar garin ya fara motsi kamar an tsikare shi. Ba rana ɗaya abin ya faru ba, amma a tunanina duk a shekara ɗaya suke. Aka tone tituna ana binne bututu, yara muna tsallake ramuka zuwa makaranta. Aka kafa sandunan lantarki har cikin lungunan da jaki da mangala ke wucewa da ƙyar. Aka shimfiɗa kwalta daga tasha, tana narkewa da rana tana kama mana takalma. Injin niƙa ya zo unguwarmu, ƙarar daka da muke tashi da ita ta ragu, mata suka koma aiken 'ya'yansu da kwano a kai. Malaman makaranta da ma'aikatan ofis suka hau sababbin babura, wasu ba su ma gama iya tsayawa ba. Baƙi suka cika gari, masu sayar da kwanon rufi da siminti, masu ɗaukar hoto, masu gyaran rediyo. Kowa ka tambaya yana gini, ko yana shirin gini, ko yana zagin wanda ya yi gini.

Kawu yana cikin waɗanda zamanin ya yi wa dariya. Da can kifi busasshe yake kaiwa kasuwar Kafin Hausa a bayan keke. Sai ya koyi tuƙi, ya hau tifa yana kai wa 'yan kwangila yashi, kafin mu ankara ya zama shi ne mai tifar. Ya sami fili a sabuwar unguwa, can bayan gari inda da muke zuwa tsintar kanya, ya yi gidan bulo da rufin kwano. A tsakar gidan, kusa da kicin, aka tsayar da famfo.

Ranar da ya zo ya durƙusa gaban Kaka ya ce ya yi mata ɗaki da siminti da fanka, ina bayanta ina tsefe mata kai. Ta yi gardama ta kwana biyu, sannan ta yarda, don ɗanta ne namiji kuma katangar tsohon gidan ta fara rabewa. Ni har na ɗaure tabarmata. Sai Inna ta kira ni gefe ta ce ni gida zan dawo, ta gaji da aikin ƙannena ita kaɗai, ga shi can akwai takwarar Kaka da za ta riƙa yi mata hidima.

“Wace hidima ta iya?” na ce.

“Za ta koya,” in ji Inna. “Ke da iyawa aka haife ki?”

Aka ɗora gadon Kaka da kwallayenta a bayan tifa. Randar kuwa a cinyarta ta riƙe, a gaban mota. Na tsaya a ƙofar zaure ina kallon takwara ƙarama zaune a gefenta, ta dafa bakin randar da hannu ɗaya wai kada ta girgiza. Da ina da iko a ranar da na karya hannun nan.

Kishi ne, ba ni da wani suna mai kyau da zan ba shi. Na yi kishin gidan, na yi kishin fankar, na yi kishin firjin da suke ba baƙo ruwa mai ƙanƙara har haƙori ya ɗauka. Na yi kishin ƙafafunta da suka daina faso saboda ta daina taka laka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta da yanga. Da tana ɗaga mini hanci da na sami abin riƙewa. Ina zuwa sai ta tare ni da murna, ta ja hannuna, “Baiwata, zo ki murɗa ki gani.” Na murɗa, ruwa ya zubo fari tas, ba gangara, ba gammo, ba ciwon wuya. Na ce mata ruwan ragwaye ne, ta yi dariya ta ce ta yarda.

A zuwana na biyu na tarar da Kaka ta kurɓi ruwa ta tofar. Ta ce warin asibiti yake yi, ko an turara randa sai ya biyo. Kawu ya ce maganin da ake sawa ne don kashe cuta, za ta saba. Ta ce ita ba ta da lafiyar da za ta sha magani safe da yamma. Ni kuwa zuciyata ta yi fari kamar an ba ni kayan Sallah. Washegari, ana idar da sallar asuba, na ɗauki tulu na gangara kogi.

Daga mashigarmu zuwa sabuwar unguwa tafiya ce, ba wasa ba. Sai in ratsa tsohon gari lokacin masu koko suna hura wuta, in bi ta bakin kasuwa inda mata ke kasa kifin banda, in fito kan kwalta wajen tasha, masu shayi suna jera burodi a tebur, kwandastoci suna kiran Kano da Kaugama. In wuce famfon titi, inda layin bokitai ya fi layin asibiti tsawo, ana faɗa a kan wa ya riga wa. 'Yan ga-ruwa da suka daina zuwa kogi suna nan da garewaninsu, su kan kalle ni su ce yarinya ba ta ji an waye ba. Ba na kula su. Ina isa na sauke tulu a ƙofar ɗakin Kaka, wuyana kamar zai tsinke.

Ta leƙa, ta shaƙa, ta dube ni. “Wushe,” ta ce. “Ga ta kogi ta zo.” Ta juya ga takwara ƙarama da ke tsaye da buta. “Ke kuma ta famfo, kawo mata abin karyawa.”

Daga ranar sunayen suka kama mu. Har Kawu, har maƙwabta, har Inna a gida. Ni ce ta kogi, ita ce ta famfo, aka manta da babba da ƙarama. Na ɗauki sunana na rungume. Ita tana da gidan, tana da ɗakin, tana kwana a inda nake kwana, amma abin da ke shiga cikin Kaka ni nake kawo shi. Kullum nake zuwa, in ba zazzaɓi ya kwantar da ni ba. Da farko ni nake juyewa a randa da hannuna, in kuma ranar turare ce in turara kafin in wuce. Bayan kamar wata biyu Kaka ta ce ina makara a makaranta, bulalar hedimasta ba za ta hau kanta ba. Ta ce in riƙa juyewa a babban bokiti a bakin ƙofa, in ya kwanta ita za ta zuba, turaren ma ta karɓe shi tunda hannunta bai mutu ba. Ban kawo komai a raina ba. Na ma ji daɗi da ba ta ce ta famfo ta taya ta ba.

Wasan taubasai ya ba ni lasisi, na kuwa yi amfani da shi fiye da yadda aka halatta. Taubashi zai faɗa maka magana mai zafi a gaban mutane, dole ka yi dariya, in ka yi fushi kai ne ba ka san al'ada ba. To ni a cikin wannan rigar na ɓoye wuƙata. In na sauke tulu sai in ɗaga murya yadda uwarta za ta ji daga kicin. “Uwargijiya, har yanzu ruwan gidanku ko tsohuwa ba ta iya haɗiye shi?” Ko in ce, “Duk ƙarfen nan da ubanki ya binne, ga shi baiwa ce ke shayar da uwarsa.” Kowa ya yi dariya. Ita ma ta yi, ta ce, “Ai amfanin baiwa ke nan.” Wani lokaci na kan ga ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, sai in ji sanyi a raina, in ce yau na same ta.

A bayan ɗakin Kaka akwai wani dashen lalle da ta zo da reshensa daga tsohon gida. Ƙasar sabuwar unguwa jigawa ce, komai aka dasa sai ya yi ta ciwo. Lallen nan kuwa ya yi kore shar, ya fi na kowa a layin, har mata suna aikowa a tsinko musu. Kaka ta ce albarka ce. Ni ma na ce albarka ce.

Shekara biyu muna haka. A cikinsu kogin ya fara ja da baya. Aka ce an datse ruwa can sama wajen Kano, shi ya sa ambaliyar da ke cika fadamu ba ta zuwa yadda ta saba. Mashigarmu ta koma taɓo, sai na ƙara tafiya kafin in sami inda ruwa ke gudu. Baba ya riƙa nisa, yana kwana uku huɗu wajen Baturiya kafin ya dawo da abin da da yake kamawa a yini ɗaya. Inna ta ce in bar wahalar nan, kowa ya koma famfo. Na ce kowa ban da Kaka. Gaskiyar magana ba Kaka nake tausayi ba. Na san ranar da na daina kawo tulun nan, ba ni da sauran abin da na fi ta famfo da shi.

Wata Laraba, ina tsallake kwalta wajen tasha, wani mai sabon babur ya taho yana neman birki bai samu ba. Na yi tsalle na kauce, tulu ya bar kaina ya tarwatse. Ban ji ciwo ba, shi ma bai tsaya ba. Na tsaya ina kallon ruwan Kaka yana bin gefen titi. In na koma kogi rana ta yi, makaranta ta wuce. In na je hannu biyu, yau Kaka za ta sha famfo, wataƙila ma ta ji ba shi da laifi. Wannan tunanin ne ya firgita ni.

Akwai wata mai waina a nan da ta san Inna. Na ari tulunta, na roƙi matan layin famfo suka bar ni na tara. Da na leƙa ciki sai na ga matsala. Ruwan ya yi fari da yawa, ko makaho ya san ba na kogi ba ne. Na waiga ba mai kallona, na damƙi ƙasa a bakin ramin bututu, na watsa a ciki, na juya da kara har ya yi launin da na sani. Na kai, na juye a bokiti, na gaishe da Kaka ban haɗa ido da ita ba. Ta ce wushe kamar kullum. Na fita da sauri.

Ban kai rabin hanyar makaranta ba na ja na tsaya. Na tuna inda na ɗebi ƙasar nan, gefen tasha, inda awaki da mutane ke yin abin da suka ga dama. Na ga Kaka tana sha, na ga ta kwanta, na ga an ce wa ya kawo ruwan. Na juya da gudu. Niyyata in yi kamar na yi tuntuɓe in kifar da bokitin, in an yi mini faɗa in shanye.

Na shiga ba sallama. Bokitin ba ya ƙofar ɗaki. Na zagaya baya, sai ga ta famfo ta sunkuya tana tuttula shi a gindin lalle, a hankali, kamar wadda ta saba. A gefenta ga baƙar randa a kife kan kasko, hayaƙi yana fita ta ƙasa. Ta ajiye bokiti, ta ɗora tafin hannunta a gindin randar, ta ɗan jira, ta ɗaga. Daidai yadda ake yi. Ta ɗauke ta ta nufi famfo, sai muka yi ido huɗu. Kaka tana zaune a tabarma a inuwa, carbi a hannunta, tana kallon mu duka biyu.

“Tun yaushe?” na ce.

Ta famfo ta dubi Kaka, Kaka ta dubi carbinta.

“Tun da cikinta ya ɓaci aka kai ta asibiti,” in ji ta famfo. “Ba ki sani ba, an ce kada a gaya miki. Malamin asibiti ya ce in ta ƙara shan ruwan kogi kada a dawo masa da ita. In an tara na famfo ya kwana a buɗe warin yana fita.”

“Shekara biyu ina shayar da lalle,” na ce.

“Ita ta ce in kin sani ba za ki ƙara zuwa ba.”

Kaka ta ce, “Zo nan, ta kogi. Cikin ne ya tsufa, ba ni ba. Zo ki zauna.”

Ban zauna ba. Wahalar shekara biyu ba ita ta ƙona ni ba, ko dariyar da na tabbata ana yi mini a kicin duk sanda na yi gorin ruwa. Hannun nan da na gani a gindin randa shi ne ya tsaya mini a wuya. Na nuna ta da yatsa na tambayi Kaka wa ya koya mata turare. Kaka ta ce, “To wa zai yi mini? Bayana ba ya sunkuyawa.” Na kuma gane, a tsaye a wurin, cewa duk maganar da na yaɓa wa yarinyar nan tana da amsar da za ta kashe ni da ita a baki, ta haɗiye. Wato ko a haƙuri ta fi ni, ko a kirki ta fi ni. Na ji na tsane ta fiye da ranar da ta hau tifa.

“Ki sha famfonki,” na ce wa Kaka. “Ga mai murɗa miki nan.”

Jika da kaka ma abokan wasa ne, na sha faɗa mata abin da ya fi wannan tana dariya. Amma ranar ba wanda ya yi dariya. Na ɗauki tulun mutane na fita.

Kaka ta san ni fiye da yadda na san kaina, ban ƙara zuwa ba. Bayan mako guda ta aiko ta bakin Inna, wai a gaya wa ta kogi lalle zai mutu. Inna ta faɗa tana dariya, ni na juya baya. Ta sake aikowa da ƙullin kajiji, na jefa shi a kwalla ban buɗe ba. Ta famfo ta zo da kanta har gidanmu, da takalminta mai tsabta a cikin lakar lungunmu, ta ce, “Baiwa ta yi yaji, uwargijiya ta zo biko.” Na ce mata ba na wasa da ita. A wurinmu ba a faɗa wa taubashi haka, Inna har ta ɗaga mini muciya. A raina ina cewa bari su ji rashina tukuna, in sun ji sosai zan koma. Ban san sosai ɗin nawa ne zai ishe ni ba.

Ana cikin haka sakamakon jarrabawa ya fito, aka tura ni makarantar kwana ta 'yan mata a wani gari. Inna ta ja ni sallama. Muka tarar Kaka tana barcin rana, Kawu ya ce a tashe ta, na yi wuf na ce a bar ta ta huta. Daɗi ma na ji. Hutun farko da na biyu na je gaisuwa a cikin ayarin ƙannena, in durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa da e da a'a. Ta kan ce in matso, in ce ina sauri. Na lura tana lalube kafin ta sami carbinta, amma ban tambaya ba.

Da na dawo dogon hutu Inna ta ce tsufa ya zo wa Kaka gaba ɗaya. Yanar ido ta rufe mata gani, hankalin ma yana zuwa yana komawa, wani lokaci sai ta yi ta magana da yaren iyayenta ba mai gane ta. Ta ce in ina da sauran hankali in je. Washegari na ɗauki sabon tulu. Na yi tafiyar da ban taɓa yi ba kafin in sami ruwa mai gudu, na kore saman sau uku, na tace da farin ƙyalle. Na san ba za ta sha ba. So nake in sauke shi a ƙofarta ta ji ƙarar, ta kira sunana, shi ke nan a wuce wurin.

Na tarar ta famfo ta tallafo ta tana ba ta ruwa a moɗa. Kaka ta rame, ta koma kamar yarinya. Ta kurɓa, ta rufe idon da ba ya gani, ta shafa hannun da ke riƙe da moɗar.

“Wushe, ta kogi,” ta ce. “Allah ya yi miki albarka.”

Na tsaya da tulu a kai. Ta famfo ta ɗago ta gan ni, fuskarta ta canza. Daga baya ta gaya mini yadda aka yi. Da hankalin ya fara tafiya, kullum da safe Kaka sai ta tambaya ko ta kogi ta zo. In an ce ba ta zo ba sai ta ƙi shan ruwa, wai za ta jira. Wata rana ta kai azahar ba ta sa komai a bakinta ba, shi ne ta famfo ta ce, “Ga ni, Kaka, na zo.” Tun daga ranar take amsawa.

“Kaka,” in ji ta, “ga ta kogin nan ta gaskiya ta dawo daga makaranta. Har da tulunta.”

Na sauke, na durƙusa, na miƙa hannuwana. Kaka ta lalube su, ta juya su, ta kai hancinta. Sabulun makaranta ne a jikinsu. Ta sake su, ta lalubo na 'yar'uwata ta shaƙa, kajiji ya kama su har farce.

“Kada ku yi mini wasa da hankali,” ta ce. “Wannan ta famfo ce.” Ta juyo wajen da take jin numfashina, muryarta ba faɗa a ciki. “Ke kuma yaushe za ki koyi aiki? Dubi 'yar'uwarki, kullum tana hanya saboda ni, ko rana ɗaya ba ta fasa ba.”

Ta famfo ta buɗe baki za ta yi magana, na girgiza mata kai.

“Zan koya, Kaka,” na ce.

Na fita da tulun na zagaya baya, na juye wa lalle da hannuna. Sauran hutun kullum ina gidan. Ina wanke mata zani, ina sosa mata baya, tana kirana ta famfo ina amsawa. Ta kan ce na fara hankali. Ban ƙara jin wushe ba, sai dai in ji ana faɗa wa wata a gabana.

Ta rasu ina makaranta, bayan na koma da wata ɗaya. Da na zo gida sadakar bakwai Kawu ya ce a kwanakinta na ƙarshe ta yi ta maimaita magana ɗaya, cewa randa ta ta kogi ce, kada a ba kowa. Ba wanda ya yi gardama, duk dangi sun san wace ce ta kogi. 'Yar Kawu da kanta ta naɗa gammo, ita da ba ta taɓa ɗaukar tulu ba, ta ɗauko randar a kai tun daga sabuwar unguwa har lungunmu, ta sauke a gaban Inna.

Yau sabuwar unguwar ta zama tsakiyar gari, famfon Kawu ya daɗe da ƙafewa, kowa ya koma rijiyar burtsatse. Ni da ita duk mun yi jikoki. In ta kira ni a waya har yanzu baiwata take cewa, in ce mata uwargijiyar ragwaye, mu yi dariya. Waɗancan sunaye biyu kuwa ba wadda ta ƙara kama su a cikinmu. Randar tana ɗakina, duk kwana uku ina turara ta, jikokina sun ce ruwan gidana ya fi na kowa daɗi. Ranar da ta kawo mini ita ban yi mata godiya ba, har yau kuma ban yi ba. Na karɓa ne kawai, na kuwa san ba ni Kaka take nufi ba.